Shafin da Ba a Ɗauka Ba

Litinin, 5 ga Mayu, bayan La'asar

An ba Radiyya mako uku.

Alƙalin kotun sama ya ce kafin Litinin 26 ga wata yana son bayaninta a rubuce: a ina ta samo kwafin shari'ar da ta liƙa wa takardar rantsuwarta, wa ya ba ta, kuma me ya sa shafi ɗaya ya ɓace a ciki. In bai gamsu ba zai tura sunanta ga kwamitin ladabtar da lauyoyi. Wata bakwai ke nan da zamanta lauya, a ofishina take aiki. Wannan ce shari'a ta farko da ta tsaya a kanta ita kaɗai.

Bari in rubuta abin daki-daki, yadda nake sa ɗalibaina su yi lokacin ina koyarwa.

Kawu Ilu, manomi daga wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, ya rasa gonarsa a ƙaramar kotu. Muka ɗaukaka ƙara. Hujjarmu ɗaya ce, amma mai ƙarfi: ba a yi masa i'izari ba. Kafin alƙali ya yanke hukunci dole ya tambayi mutum, kana da sauran magana ko wata hujja? In bai tambaya ba, hukuncin ya rushe. A hotunan kundin shari'ar da ke wayar Radiyya babu wannan tambaya. Ta buga su a takarda, ta rantse cewa cikakken bayanin shari'ar ke nan, ta nemi a dakatar da hukuncin kafin ruwa ya sauka.

Yau Barista Abdulfatah, lauyan ɗaya ɓangaren, ya miƙe da kwafi mai hatimi wanda ya biya kuɗi kotu ta turo masa. Shafi ashirin da uku. Namu ashirin da biyu. A shafin da ba mu da shi an tambayi Kawu Ilu, ya ce ba shi da sauran magana, ya dangwala yatsa.

Alƙali ya ce, "Lauya, wa ya ba ki wannan kwafi?"

Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ina neman lokaci."

Ina zaune a bayanta, benci na biyu. Babu wuta, fanka ba ta juyawa.

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Ba ta zo ofis ba. Zafi ya yi yawa.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan Azahar

Rumbu ya yi tsit.

Rumbu shi ne zauren da na buɗe mana a waya shekara uku da suka wuce. Har yanzu ina ganin abu ne mai kyau, kuma zan faɗi haka a gaban kowa. Sabon lauya a Gumel ba ya samun abin da zai sayi kwafi mai hatimi a kowace shari'a. Kowane shafi da kuɗinsa, ga data, ga jira, wani lokaci ma sai ka bi sawu da ƙafarka har sau uku. Mutanen da ke zuwa wurinmu kuwa manoma ne da makiyaya, wani da zabi yake biyanka. Sai na ce mu yi irin ta gayya. Duk wanda ya samu bayanin shari'a ko wani hukunci mai amfani, ya ɗauki hotonsa ya zuba a Rumbu, mai bukata ya ɗiba. Daga Gagarawa har Maigatari mutum arba'in da bakwai ne a ciki, yawancinsu yara ne da na gani suna tasowa. Kowace safiya nakan rubuta musu ɗan darasi. Suna kirana Malam Ladan, ba mai ce mini Barista, ni kuma na fi son haka.

Tun Litinin ba wanda ya saka komai. Ko addu'ar safe da Siddiq, ɗaya daga cikin yaran, yake turowa kullum ta tsaya.

Radiyya tun tana aji ɗaya na sakandare na san ta. Ita ce yarinyar da ke gyara mini kwanan wata a allo. A watan Maris ta zo da kuɗin kwafi mai hatimi a cikin ambulan, kuɗin da mahaifiyarta ta ba ta. Aka ce mata ta adana abinta, ta sayi takalmin kotu, tunda ga hotuna a hannu.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

Na yi niyyar zuwa wurin Ɗantsoho, magatakardan ƙaramar kotun, amma yau kasuwar Maigatari ke ci, hanya ba ta biyuwa. Gobe Juma'a. Sai Litinin.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan saukowa daga masallaci

Matata Murja ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina.

"Baban Ziyad, shinkafar ce ta yi maka laifi?"

Na ce zafi ne.

"Zafin nan kai kaɗai yake samu a Gumel? Kwana huɗu ina ɗauke kwano yadda na ajiye shi."

Na ba ta labarin Radiyya a taƙaice. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ashe ba ita ce shari'ar da ka dawo kana murna ba? Ranar da ka shigo ko takalmi ba ka cire ba, kana cewa ka samo wa 'yarka nasara a faranti?"

Na ce ba na tunawa da kowace rana.

Ta ɗauki butarta ta fita. Shekara ashirin da shida muna tare, na san shirun da take yi in ta yarda, na san wanda take yi in ba ta yarda ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan La'asar

Na je na dawo. Na hau babur daga bakin titi, rairayi har cikin kunne.

Ɗantsoho ya tsufa fiye da yadda na bar shi a watan Maris. Yana ganina ya tashi ya tura ƙofa. Ya ɗauko kundi biyu daga kan kabad, tsoho da sabo. Ya buɗe tsohon ya kai ƙarshe, takarda ta ƙare. Sai ya ɗaga bangon baya. Ga shi nan a cikin bangon, da ƙaramin rubutunsa, layi tara. Tambayar alƙali, amsar Kawu Ilu, dangwalen yatsa.

Ya ce, "Malam, ai haka muke yi tun zamanin maigidana. In kundi ya ƙare ana tsakiyar zama, ba za ka ce wa alƙali ya jira a kawo sabo ba. Sai ka ƙarasa a bango. Washegari ka buɗe sabo da hukunci."

Na ce wanda bai sani ba zai ɗauka daga shafin ƙarshe an wuce hukunci kai tsaye.

"Shi ya sa ranar na ce a tsaya, akwai saura. Aka ce mini an ga abin da ake nema."

Na kalli bangon. Takarda mai kauri, ruwan toka, gefenta ya ci gara.

Da zan fito ya riƙe mini hannu da hannuwansa biyu. "Malam, saura mini shekara ɗaya da wata huɗu in yi ritaya. Doka ba ta ba ni ikon buɗe wa kowa kundi ya ɗauki hoto ba. Na yi ne don kai ka koyar da 'ya'yana uku. Don girman Allah kada sunana ya fito."

Na ce ba zai fito ba. A kan babur na yi ta maimaita wa kaina cewa yanzu akwai dalili na yin hattara, akwai tsoho mai iyali a tsakiya. Na ji sanyi a raina da samun wannan dalili. Jin sanyin ne ya fi damuna.

Talata, 13 ga Mayu, bayan Asuba

Zan rubuta wa alƙali yau.

Talata, bayan Magariba

Na gyara shiryayyen littattafai. Na jera mujallun shari'a bisa shekara. Gobe.

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Ta dawo ofis. Ta rusuna ta gaishe ni, ta tambayi Hajiya da yara, ta zauna a teburinta. Ta rame a wuya.

Na ce, "Barista, yaya bayanin?"

"Ina kai, Malam."

"In kina son mu duba tare..."

"A'a, Malam. Ka sha wahalata da yawa."

Na fara ba ta labarin wani babban lauya da na sani, wanda aka taɓa kora daga gaban alƙali a shekararsa ta farko, yau kuma kowa na neman ya gaishe shi. Na ji muryata tana tashi kamar ina gaban aji. Ta saurara da ladabi, hannunta a kan cinya. Da na gama ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malam." Ta koma kan takardarta.

Da ta zage ni da ya fi sauƙi. Amma a gidansu ba a koya mata haka ba, kuma ni ma a makaranta ban koya mata haka ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan Azahar

Na buɗe Rumbu na koma baya har ranar 11 ga Maris. Suna nan. Hotuna ashirin da biyu a jere, a ƙasansu kuma rubutu mai tsawo: "'Ya'yana, ku duba da kyau, ga misalin shari'ar da aka yanke ba i'izari. Wanda ya fara gano inda kuskuren yake, yana da tukuici." Amsoshi sun fi talatin. Masha Allah Malam. Allah ya ƙara basira Malam. Sunan wanda ya turo yana sama, kowa na iya gani.

Mutum arba'in da bakwai sun sani. Ba wanda zai faɗa, don ba a tona wa malami asiri. Ni na san haka, su ma sun san na sani.

Na danna na goge su daga wayata. Sai daga baya na tuna cewa a wayoyinsu suna nan daram. A tawa kaɗai suka ɓace.

Shekarata hamsin da takwas.

Asabar, 17 ga Mayu, da safe

Kawu Ilu ya zo da ƙwan zabi a cikin ƙwarya. Bai san Asabar ba ma buɗewa sosai ba, ya tarar da mu biyu don akwai wuta, muna buga takardu.

"Lauya, an ce mini kin shiga uku saboda ni."

Radiyya ta yi murmushi, na farko da na gani tun ranar. "Kawu, ai kai ka ce mini ba a tambaye ka komai ba."

"Yo 'yar nan, ni na san abin da aka tambaye ni? Tun safe nake tsaye, ko fura ban sha ba. Alƙali ya ce akwai saura? Na zaci yana nufin in tafi gida. Na ce babu. Aka kama yatsana aka dangwala. Ko takardar sayar da ni ce da na dangwala."

Ya ce mutanen da suka ci shari'ar sun riga sun kai taki gonar, suna jiran ruwan farko. Ya ce gona ta Allah ce. Sannan ya juyo gare ni. "Malam, kai ne babba. Wane ɗan banza ne ya ba yarinyar nan takarda guntuwa? Ka nemo shi. Irin wannan ko a kasuwa aka kama shi da mudu mai rami, sai ya bar garin."

Radiyya ta miƙe da sauri ta ce, "Kawu, zo in raka ka tasha, rana na yi."

Ƙwan yana nan kan teburina. Goma sha biyu.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan La'asar

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Ban fita ba.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan Magariba

Abdulfatah ya same ni a ƙofar gida. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a gefen tabarma, ya ƙi hawa. Shi ma na riƙe shi shekara biyu a ofishina kafin ya buɗe nasa.

"Malam, wallahi da na san haka abin zai kai, da na kira ka tukuna. Da mutanen can suka ɗauke ni aikin na tuna darasin nan da ka saka a Rumbu kan shari'ar, sai na ce bari in sayi mai hatimi in ga ta inda zan kare. Ina buɗewa na ga shafin. Na zaci alƙali zai kori takardar ne kawai."

Na ce ya yi aikinsa, kuma ya yi daidai.

"Kai ka koya mana, Malam. Ka ce kada mu yarda da abin da ba mu ga hatiminsa ba."

Na faɗa. Na tuna ranar ma, da allon, da alli mai launi.

Ya ja zaren tabarma. Can ya ce, "Ita fa ba za ta faɗa ba. Na yi mata magana, ta ce in na sake tayar da zancen ba ni ba ita." Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar da kai. "Saura mako guda, Malam."

Na ce na san lissafin kwanaki.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Na rubuta "Allah gafarta Malam" da kwanan wata. Na tsaya ina tunanin yadda zan kauce wa sunan Ɗantsoho. Wuta ta ɗauke.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan Azahar

Radiyya ta nemi izini ta fita tun ƙarfe goma. Ta ce za ta kai saƙo. Ban tambaye ta ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan Asuba

Murja ba ta kawo koko ba. Ta kawo biro da takarda ta ajiye a kan sallayata, ta ce, "In ka gama sai ka karya."

Na rubuta. Ga shi nan yadda na rubuta, don in gani da idona:

Ni, Ladan, ni na ɗauki hotunan kundin da wayata ranar 11 ga Maris. Ni na yi gaggawa ban ɗaga bangon ba, don na ga abin da nake so in gani. Ni na tura wa Radiyya. Ni na hana ta sayen kwafi mai hatimi. Ni na ce mata ta rantse a kai ba fargaba, domin da hannuna na ɗauka.

Layi biyar. Kwana goma sha bakwai na yi ina kewaya layi biyar. Ban sa sunan Ɗantsoho ba, ashe hakan mai yiwuwa ne tun farko.

Na sha koko kofi biyu. Gobe da sassafe zan kai.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan La'asar

Na kai. Rajistara ya karɓa ya duba lambar shari'ar, ya ce, "Malam, ai an riga an kawo bayani a wannan. Shekaranjiya lauyar ta kawo, har ta yi rantsuwa a kai." Ya nuna mini don yana ganin girmana.

Ta rubuta cewa ita ta je ƙaramar kotu, ita ta ɗauki hotunan da wayarta lokacin da magatakarda ya fita alwala, ba wanda ya sani, ba wanda ya ba ta shawara. Ta sa hannu. An buga hatimi.

Na karɓi takardata na ce zan dawo. Na tari Keke har ofis. Tana nan tana share teburina.

Na ajiye takardar a gabanta. Ta karanta a tsaye, sau biyu. Ta ninke ta yadda take ta miƙo mini.

"Malam, ka makara."

Na ce ban makara ba, sai Litinin ne wa'adi.

"Rantsuwar farko kuskure ce, kowa zai iya cewa yarinta ce. In ka kai wannan, ta biyun ta zama ƙarya da gangan, a gaban kotu, da sa hannuna. Wannan ba gargaɗi ake yi a kanta ba. Kai ka fi ni sani."

Na sani. Na zauna a kujerar baƙi.

Na ce, "'Yata, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Na jira ka mako biyu, Malam." Ba ta ɗaga murya ba. "Kullum in na ji ka ja kujera sai in ce yanzu zai kira ni. Da na ga shiru sai na gane amsar ke nan. Ni kuma ba zan tsaya gaban jama'a in ce malamina ne ba. Ummata ma ba za ta yafe mini ba."

Ta ɗauki tsumman ta ci gaba da share teburin, ta ɗaga ƙwaryar Kawu Ilu ta goge ƙarƙashinta.

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi

Na duba littattafai huɗu ina neman hanya. Kowace hanya ta bi ta kanta.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan Magariba

An yi ruwa. Murja ta tambaya ko na kai takardar. Na ce na kai. Ban ƙara komai ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan Azahar

Kotu ta cika. Na ƙirga 'yan Rumbu goma sha ɗaya a bencin baya, ba wanda yake da shari'a yau. Duk sun tashi sun gaishe ni.

Alƙali ya karanta bayanin Radiyya da ƙarfi, kalma bayan kalma. Ya kori takardar neman dakatar da hukunci. Ya ce lauyar da za ta saci hoton kundin kotu a bayan idon ma'aikaci, sannan ta rantse a kan abin da ba ta tabbatar ba, ba shi ne zai yanke mata ba, akwai masu wannan aiki. Zai tura sunanta a wannan makon.

Ba ta motsa ba. Takalminta sabo ne, baƙi, ta goge shi sosai.

Sai ya cire tabarau ya dubi benci na biyu. "Malam Ladan, a ofishinka take ko?"

Na miƙe. Takardar tana aljihun rigata, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina.

"Kana da abin cewa?"

Na ce yarinya ce mai hazaƙa da tarbiyya, na san ta tun tana ƙarama, ina roƙon a sassauta. Abin da na ce ke nan. Duk gaskiya ne.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na ji. Kada ka sa abin a ranka, Malam. Shekara da shekaru muna ganin yaran da ka yaye, mun san irin tarbiyyar da kake bayarwa. Na tabbata ba kai ka koya mata wannan ba."

A bencin baya ba wanda ya ɗago kai.

Sai na ji bakina ya ce, "Na gode, Allah gafarta Malam."

Radiyya tana tsaye kusa da ni, taku ɗaya tsakaninmu. Ta ji.